Daga teburin ofis zuwa bakin gadon tsoho: masu sauya sana'a su koma jinya

A 'yan shekarun nan, in ka je neman wani tsohon abokin karatunka a bankin da ka san yana aiki, ko ka tambayi wata malama a makarantar kuɗin da 'ya'yanka suke zuwa, ba mamaki a ce maka ai sun tafi Ingila. Ka tambayi dangi me suke yi a can, amsar kusan ɗaya ce: "Yana harkar lafiya." Ba ƙarya aka yi maka ba, an dai yafa wa maganar mayafi ne. Da yawansu abin da suke yi shi ne bi gida-gida suna tayar da tsofaffi daga gado, su yi musu wanka, su canza musu ƙunzugu, su ba su magani, su haɗa musu shayi, sannan su wuce gida na gaba. Da Hausa sunan wannan jinya. Bambancin shi ne a can ana biya, kuma ana ƙirga minti.

Ni ban ga abin kunya a wannan aiki ba, kuma zan dawo kan dalili. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka cakuɗa abu biyu da ya kamata a raba: sauya sana'a, da sayen hanyar fita daga ƙasa. Wanda ya bar koyarwa ya koma kula da tsofaffi don ya ga zai iya, ya yi sauyin sana'a. Wanda ya sayar da filinsa ya ba dillali don ya samu biza, bai taɓa tambayar kansa ko zai iya wanke kashin baƙo ba, wannan ƙofa ya saya, aikin kuma ya tarar da shi a bayan ƙofar yana jiransa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai mu fara da dalilin da ya sa Birtaniya ta buɗe ƙofar tun farko, domin ba don ƙaunarmu ta yi ba. Ƙasa ce da mutanenta suke daɗewa a duniya, 'ya'ya kuma ba sa zama gida ɗaya da iyaye. Tsohuwa 'yar shekara tamanin da biyar tana zaune ita kaɗai a gidanta, ɗanta yana wani gari, 'yarta tana Ostireliya. Asibitin gwamnati na NHS kyauta ne, amma kula da tsoho a gidansa ba ya cikin wannan kyautar. Ƙananan hukumomi ne suke biya wa marasa hali, a Ingila kuma duk wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, adadin da ba a taɓa shi ba tun 2010. Ƙaramar hukuma ba ta ɗaukar ma'aikatan da kanta sai kaɗan. Kwangila take ba kamfanoni masu zaman kansu a kan kuɗi ƙalilan kowace awa, su kuma kamfanonin su matse albashin ma'aikaci. Sakamakon haka ɗan ƙasa ya gwammace ya jera kaya a kanti, albashi kusan ɗaya, babu ciwon baya, babu mutuwar wanda ka saba da shi.

Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, shige da fice na 'yan gabashin Turai ba tare da biza ba ya ƙare a ƙarshen 2020. Annobar korona ta zo ta ƙara korar wasu. Hukumar Skills for Care, wadda take ƙididdigar ma'aikatan wannan fanni a Ingila, ta ce guraben da babu kowa sun kai 165,000 a shekarar 2021 zuwa 2022. A watan Fabrairun 2022 gwamnati ta saka masu kula da tsofaffi cikin jerin sana'o'in da ake ƙarancin ma'aikatansu, aka ba kamfanoni damar ɗauko mutane daga waje a kan albashin da bai gaza fam 20,480 a shekara ba. Ba a neman digiri, ba a neman takardar aikin jinya ta asibiti. Turanci daidai gwargwado da takardar ɗaukar nauyi daga kamfani, wadda masu harkar suke kira CoS, su ne kan gaba. Indiya, Najeriya da Zimbabuwe suka zama sahun farko. A shekarar 2023 zuwa 2024 kaɗai, wajen mutum 105,000 aka ɗauko daga ƙasashen waje zuwa wannan aiki a Ingila. A daidai lokacin ne kuma aka saki naira a watan Yunin 2023, albashin ma'aikacin banki ya narke a hannunsa kamar ƙanƙara a rana. Abin nema ya samu.

To me mutum yake tararwa idan ya isa?

Wata 'yar uwata da ta bar aikin koyarwa ta shiga wannan layi ta taɓa kwatanta mini safiyarta, har yau ban manta ba. Ƙarfe bakwai saura, lokacin hunturu, gari bai waye ba, ta tsaya a ƙofar gidan wata tsohuwa. A jikin bango akwai ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi. Ta danna lambar, makulli ya faɗo. Kafin ta taɓa komai sai ta danna manhajar kamfani a wayarta, don daga wannan daƙiƙar agogo ya fara. Ta kira sunan tsohuwar tun daga ƙasa kada ta firgita. Ta sa safar hannu da rigar leda. Ba ta yaye bargo sai ta nemi izini, ba ta cire riga sai ta faɗi abin da za ta yi, ko da kuwa jiya ma ita ta yi, domin tsohuwar ba lallai ta tuna jiya ba. Ta duba duga-dugai da ƙugu ko fata ta yi ja. Magunguna suna cikin kwali mai gida-gida, kowace rana da nata, kowane lokaci da nasa. Ta ba ta na safe, ta tsaya ta ga ta haɗiye, ta rubuta. Shayi, burodi gasasshe, a zubar da fo, a gyara gado. Minti arba'in da biyar ke nan in an yi sa'a. Daidai tana sa takalmi sai tsohuwar ta fara ba ta labarin mijinta da ya rasu, ga shi kuma akwai wani dattijo a wata unguwa da yake kwance cikin jiƙaƙƙen zane yana jiranta.

"Yaya," ta ce mini, "wankan ba shi ne wuyar ba. Wuyar ita ce ka bar mutum yana tsakiyar magana, ka san kuma ba zai sake ganin fuskar kowa ba sai azahar."

Tun 2015 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a can, ta ba da shawarar kada ziyara ta gaza rabin awa sai da dalili na musamman, saboda a lokacin ziyarar minti goma sha biyar ta zama ruwan dare. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin matsin da aikin yake ciki.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne lissafin mutanenmu ya fi karkacewa. Daga Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashin da aka yarda a ba mai wannan biza ya koma fam 25,000 a shekara. A lokacin da fam ɗaya ta kai wajen naira 2,000, mutum yana zaune a Kaduna zai buga lissafi ya ga naira miliyan hamsin, kansa ya ɗau zafi. Amma bayan an cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa, abin da zai shigo hannu bai kai fam 1,800 a wata ba. Ɗaki guda a gidan haɗaka yana iya cinye sulusinsa ko fiye. Aikin gida-gida kuma kusan dole sai da mota, ga mai, ga inshora mai tsada ga sabon direba. Mai wannan biza ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati na haya ko na rashin aiki. A gida kuwa an riga an ji yana Ingila: kuɗin makarantar ƙanne, asibitin Inna, bikin 'yar gwaggo, duk sun koma kansa.

Wannan lissafin ma in an ba shi cikakkun awanni ke nan. Tsohon kukan ma'aikatan fannin shi ne kamfanoni da dama suna biyan mintocin da aka yi a cikin gida kaɗai, lokacin tafiya tsakanin gida da gida su yi kamar ba su gani ba, duk da cewa doka tana ƙirga shi cikin lokacin aiki. Mutum zai fita tun asuba ya dawo bayan isha, a takarda kuma awa bakwai ya yi. Masu kwana a gidan majinyaci su ma ba su tsira ba: a 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa awannin da ma'aikaci yake barci a bakin aiki ba dole ba ne a biya su da mafi ƙarancin albashi.

Mafi munin ɓangaren shi ne igiyar da ta ɗaure biza da kamfani ɗaya. Idan kamfanin ya kore ka, ko gwamnati ta ƙwace lasisinsa, galibi kwana sittin ake ba ka ka samo wani mai ɗaukar nauyi ko ka tattara. Wanda yake da wannan takobi a wuyansa ba ya kai ƙara idan an zaftare masa albashi. Dillalai sun gane haka da wuri. Haramun ne a dokar Birtaniya a karɓi kuɗi a hannun mai neman aiki don a sama masa aikin, amma takardar CoS ta zama haja, ana sayar da ita dubban fam. Wasu kamfanonin ba su da ko tsoho ɗaya da suke kula da shi. Ofis ne da lasisi da asusun banki. Mutum ya sauka a filin jirgi, ya kira lambar da aka ba shi, a ce masa babu aiki tukuna, ya ɗan jira. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya da bakinta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni, lamarin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Sashen binciken BBC na Afirka ma ya fallasa wasu dillalan a 2025, kuma abin takaici a cikinsu akwai 'yan Najeriya masu cin naman 'yan uwansu. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Daga nan ƙofar ta fara rufuwa. A watan Maris na 2024 aka hana sababbin masu wannan biza tafiya da mata ko miji da 'ya'ya, aka kuma ce sai kamfanin da yake da rajista da hukumar CQC mai sa ido ne zai iya ɗauko mutum a Ingila. A Afrilun 2025 aka wajabta wa kamfanoni su fara neman ma'aikata cikin waɗanda suka riga suka maƙale a ƙasar. A ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Keir Starmer ta rufe hanyar gaba ɗaya ga masu nema daga waje. Waɗanda suke ciki an bar musu damar sabuntawa ko sauya kamfani zuwa 2028, takardar manufofin gwamnati ta Mayun 2025 kuma ta kawo shawarar tsawaita jiran takardar zama na dindindin daga shekara biyar zuwa goma.

Da ƙofar ta rufu, sai tambayar asali ta fito fili, wadda hayaniyar biza ta danne: shi wannan aiki, wa ya dace da shi?

Ba kowa ba, kuma ilimin boko ba ya yanke hukunci a nan. Na ga mai digiri biyu da bai kai wata uku ba, na kuma ji labarin tsohuwar mai sayar da abinci da iyalan majinyata suke roƙon kamfani kada a canza musu ita. Abin da tsohuwar sana'a take kawowa yana da amfani: malamin makaranta ya saba maimaita magana ɗaya sau goma ba tare da ya ɗaga murya ba, ma'aikacin banki ya saba rubuta komai daidai da lokacinsa, kuma a wannan aiki abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Amma akwai abin da babu ofishin da yake koyarwa. Tsoho mai ciwon mantuwa zai zarge ka da satar agogonsa da ya ɓata tun shekara talatin. Wani zai ƙi ka taɓa shi saboda launin fatarka, ya faɗa maka a fuska. Wata za ta riƙe hannunka ta kira ka da sunan ɗanta. Ran nan kuma ka buɗe ƙofa ka tarar rai ya yi halinsa, kai ne na farkon gani, kuma akwai gida huɗu da suka rage a jadawalinka.

Ga Musulmi akwai ƙarin tambayoyi da ya kamata ya zauna da malaminsa a kansu tun kafin ya sa hannu a takarda. Namiji zai iya samun kansa an tura shi wankan mace, mace wankan namiji. Karin kumallon dattijon yana iya zama naman alade, kai za ka soya. Kare yana kwance a kan gado. Azahar da la'asar na hunturu suna zuwa kusa da juna, duka a tsakiyar ziyara. Wasu kamfanonin suna saurara idan aka yi magana tun farko, wasu ba ruwansu. Wanda bashin dillali yake bin sa ba shi da bakin zaɓe.

Akwai kuma nauyin suna. Mutumin da ake ce wa "manaja" ko "malam" shekara goma sha biyar, yau yarinyar da ba ta kai ƙanwarsa ba ce take tsara masa jadawali ta waya. Wannan yana cin rai fiye da yadda maza suke yarda su faɗa, shi ya sa ake fakewa da "harkar lafiya". Sana'ar tana da matakai, akwai horon farko da aka tsara tun 2015 wanda ake sa ran kowane sabon shiga ya yi, akwai babban mai kula, mai tsara aiki, manajan da hukuma ta yi wa rajista, wasu kuma suna bi ta nan su shiga karatun aikin jinya na asibiti. Sai dai tazarar albashi tsakanin sabon shiga da wanda ya shekara biyar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma wannan na cikin dalilan da suke sa mutane barin aikin da yawa kowace shekara.

Yanzu bari in dawo gida, don a nan ne maganar ta fi ci mini rai. Muna jin nauyin a ce ɗanmu yana wanke tsofaffin Turawa, alhali a kowane gida namu akwai mai yin wannan aikin, kyauta, ba hutu, ba horo. Kusan kullum mace ce: matar ɗa, 'yar da aurenta ya mutu, jikar da aka cire daga makaranta "ta zauna da Hajiya". Muna ce mata Allah Ya ba da lada, kuma muna fatan Ya bayar, amma ba ma tambayar bayanta, ba ma tambayar barcinta. Matanmu da suka yi shekaru suna aikatau a Makka da Jidda ma, da yawansu tsofaffin Larabawa suke ɗagawa suna kwantarwa, ba mu taɓa kiran abin sana'a ba.

Lokacin da gwaggona ta samu shanyewar ɓarin jiki, gidan cike yake da masu ƙaunarta. Ba a rasa mai dama kunu ba, ba a rasa mai tofi ba. Amma babu wanda ya san cewa mai kwanciya irin wannan ana juya shi duk bayan 'yan awanni, dare da rana. Cikin makonni kaɗan wani ɗan ja ya fito a ƙugunta, muka shafa man zafi, ya buɗe ya zama gyambon da ya fi ciwon asali wahalar da ita. Muna ɗaga ta ta hammata, ashe kafaɗar da ta shanye muke ja. Muna ɗura mata kunu tana kwance, tana sarƙewa muna cewa sannu, ba mu san abin yana gangarawa huhu ba. Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya a unguwarmu ce ta shigo dubiya, ta tsaya ta kalle mu, ta ce, "'Ya'yan nan, ku tashe ta zaune mana kafin ku ba ta." A cikin rabin awa ta nuna mana yadda ake naɗe zani a ƙarƙashinta mutum biyu su juya ta, da inda ake cusa matashi tsakanin gwiwoyi. Ƙauna muna da ita har ta yi yawa. Sanin aikin ne babu, kuma gwaggo ce ta biya kuɗin jahilcinmu da fatarta.

Abin da 'yar uwata take yi a Ingila cikin minti arba'in da biyar, wannan sanin ne. Kuma buƙatarsa tana ƙaruwa a nan. Hawan jini da ciwon suga suna kwantar da mutane tun ba su tsufa can ba. Babban gida na gandu yana watsewa, 'ya'ya suna Abuja da Legas, matan da a da suke zaune a gida yanzu suna fita aiki. Kai tsoho gidan gajiyayyu kuwa abin gori ne har jikoki, kuma ban ga alamar hakan zai sauya ba, don haka kulawar dole a cikin gida za a yi ta. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012, gwamnatin tarayya kuma ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa wadda ta fara aiki a 2021, amma har yanzu iyali a Kano ko Sakkwato da suke neman wanda zai kula da mahaifinsu, ta bakin maƙwabta suke nema, su ɗauko 'yar aiki su ɗora mata jinya a kan wanke-wanke, a kan albashin wanke-wanken.

A ganina a nan ne sauyin sana'a na gaskiya yake, ga wanda yake da zuciyar abin. Matashin da ya gama makarantar koyon kiwon lafiya yana zaune ba aiki, malamar da ta gaji da albashin da ba ya zuwa, bazawarar da ta yi jinyar mijinta shekara uku ta san aikin da hannunta: waɗannan in suka samu horo na 'yan watanni a kan ɗagawa, juyawa, ciyarwa, tsafta da lura da magani, suna da abin sayarwa da masu hali suke nema ido rufe. Sai dai a yi shi da sharaɗi a rubuce: awa nawa, ranar hutu yaushe, me ya shiga aikin me bai shiga ba, mace ga mace, namiji ga namiji. Mai kula kuma ya san iyakarsa. Shi ba likita ba ne, ba ya ƙara magani, ba ya yin allura don ya ga ana yi. Wanda yake tunanin shiga, ya fara gwada kansa mako biyu a kan wani tsoho na dangi, ya karɓi dare daga hannun matar da take yi, ya ga ko zai wayi gari bai tsani kowa ba. Ita ma ta samu ta yi barci.

Mai karatu, in kuma wani ya zo maka yau da maganar CoS na kula da tsofaffi a Ingila, ya ce ka kawo miliyoyi ya shigar da kai daga Najeriya ko Nijar ko Gana, ka riƙe filinka. An rufe wannan hanya tun ranar 22 ga Yulin 2025.